Ba Wuta Aka Ɗauke Ba

SHAFI NA 19

Ranar Alhamis da hantsi, a rumfar tsakar gidan Malam Balarabe da ke Yako, Ramla ta karya alƙawarin da ta ɗaukar wa surukarta wata biyu da rabi da suka wuce. Ta karya shi a gaban mijinta da mahaifinsa. Saura kwana uku jirginta ya tashi.

Ramla malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a ƙasar Oman, a wani gari da duwatsu suka kewaye. Ta ci shekara ɗaya cikin biyun da ta sa hannu a kai. A can ta haifi Ilham a watan Maris. Mijinta Ɗayyabu malamin gona ne a Kiru, aiki bai bar shi ya je ba, sai mahaifiyarsa Inna Luba ta je wankan jego, ta zarce da raino. Da aka yi hutun makaranta suka dawo Yako tare.

A farkon Yuni jaririyar ta kwana uku a asibiti ana mata ƙarin ruwa. Labarin da ya iso Yako shi ne wuta aka ɗauke da tsakar rana, esi mai sanyaya ɗaki ya tsaya, zafi ya cika ɗakin.

Kowa ya yarda. A Yako ba a tambayar dalilin ɗauke wuta.

A kan wannan labari Malam Balarabe ya yanke hukunci ranar Laraba bayan la'asar. Ramla ta koma ta ƙarasa aikinta in tana so. Yarinya kuwa za ta zauna. Fasfon yarinyar yana wurin Inna.

Wata biyar ke nan da haihuwar Ilham. Nono kaɗai take sha.

*

Da safe Ramla ta tarar da Inna a madafa tana juya masara a kan garwashi. An kwana ana ruwa, ƙasa duk ta jiƙe. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, wurinki na zo."

"Ga ni."

"Ki ba ni fasfon yarinyar."

Inna ba ta ɗago ba. "Kin ji abin da Malam ya ce."

"Na ji. Amma abin da aka faɗa masa ya yi hukunci a kai."

Hannun Inna ya tsaya a kan masarar.

"Kin min alƙawari, Ramlatu."

"Na yi. A bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da ita na yi miki. Na ce ba zan faɗa ba. Ban ce zan bar 'yata a kai ba."

"To wa ya ce ki bar ta a titi? A hannuna za ki bar ta. Takwarata ce. Madarar gwangwani ta ƙare a duniya?"

"Inna, ki je ki same shi da kanki. Ki ce kin sake tunani. Ba sai kin faɗi komai ba. In kika ce ta tafi, zai bari."

"Ba zan ce ba."

"Me ya sa?"

"Ƙasar can ba ta jarirai ba ce. Na gani da idona. Ƙasar da ruwan famfo ke ƙona mutum? Ki buɗe ƙofa kamar kin leƙa tanda?"

"Duk da haka akwai jarirai a can."

"Nasu ne. Sun saba."

Ramla ta dubi garwashin. Masara ɗaya ta fara ƙonewa ta gefe. Ta sa hannu ta juya ta.

"Baba ya ce mu same shi ƙarfe sha ɗaya, a tsara yadda za a yi yayen," ta ce. "Daga yanzu zuwa lokacin maganar tana hannunki. In ya yi ba ki je ba, zan yi magana."

"Barazana kike min a gidana?"

"A'a, Inna. Sanar da ke nake, don kada ki ji daga sama."

Ta miƙe ta fita.

*

Inna ba ta je ba.

Ƙarfe sha ɗaya Malam Balarabe yana zaune a kan buzu a rumfa, Ilham a cinyarsa tana jan gemunsa. Ɗayyabu ya dawo daga gonar gwaji, ƙasan wandonsa duk taɓo, ya zauna gefe. Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Ramla ta ɗauki ƙarshen tabarma, ta ajiye wata 'yar jaka a gabanta.

"Amaryata dai ta zaɓi miji," in ji Malam, yana cire yatsun yarinyar daga gemunsa. "Ta ce ba ta bin kowa ƙasar wuta. Ko ba haka ba, amarya?"

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

"To. Ramlatu, jibi za a fara gwada ta da madara, kafin ki tafi ta ɗan saba."

"Baba, ina neman izini in yi magana."

"Yi."

"Kafin ka tabbatar da hukunci, ina so ka ji yadda ake zama a can. Ba a taɓa tambayata ba."

"Mun ji ai. Zafi."

"Zafi ne, Baba. A Yuni yana kai digiri arba'in da takwas. Namu na bazara a nan da wuya ya wuce arba'in da biyu, kuma mu da yamma iska tana saukowa. Can ba ta saukowa. Amma akwai yadda ake yi."

"Yaya ake yi?"

"Tankin ruwa a saman gini yake, rana na dukansa. Da azahar ba a taɓa famfo. Da asuba nake tara ruwa a bokiti uku in ajiye a ɗaki, shi ne na wanka da na wanki. Tagogi na rufe su da labule biyu. Ƙarfe shida da rabi nake fita. Sitiyarin mota tawul nake rufa masa, in ba haka ba ba ya taɓuwa. A aji kowace yarinya da gorar ruwanta a kan tebur, duk rabin awa nakan tsayar da darasi a sha. Daga sha ɗaya zuwa huɗu ba mai fita sai dole. Haka kowa yake yi, da mai jariri da marar jariri."

"Duk wannan da wuta ne," in ji Ɗayyabu. "Ranar da aka ɗauke fa? Ba ga shi mun gani ba?"

Ramla ta juya ta dubi Inna.

Inna tana kallon ƙasa.

Ramla ta jira. Ta ƙirga numfashi biyar. Ruwan indararo yana ɗiga a cikin baho.

"Ba wuta aka ɗauke ba," ta ce.

Malam ya daina wasa da yarinyar.

"Me kika ce?"

"Wata goma na yi a gidan can, Baba. Ba a taɓa ɗauke wuta ba, ko na minti ɗaya. Ranar ma ba a ɗauke ba."

"To esin ne ya lalace?" in ji Ɗayyabu.

"Lafiyarsa ƙalau. Da na shigo na danna, ya tashi nan take."

"Ramlatu," in ji Inna. Sunan kawai ta kira.

"Ki yi haƙuri, Inna."

Ta buɗe jakar ta fito da wani abu fari, bai kai tafin hannu ba, ta ajiye a kan tabarma.

"Wannan ma'aunin zafi ne. Na rataye shi a bangon ɗakinmu tun kafin in haihu. Yana riƙe lissafin kwana bakwai. Daren da aka kwantar da ita a asibiti na koma na duba, na kwafe a takarda."

Ta miƙa wa Ɗayyabu takardar da hannu biyu. Aikinsa ne karanta irin wannan, kullum yana auna ruwan sama da zafin ƙasa. Bai daɗe yana dubawa ba.

"Karanta min," in ji Malam.

"Ƙarfe shida na safe, ashirin da huɗu. Ƙarfe tara, talatin da uku. Sha biyu, talatin da tara." Ya tsaya. "Ƙarfe ɗaya ya fara sauka. Biyu, ashirin da shida."

"Rana ɗaya?"

"Kowace rana, Baba. Ban da Juma'a da Asabar."

"Me ya sa ban da su?"

"Ranakun ba makaranta," in ji Ramla. "Ina gida."

Malam ya gane, amma yana so a faɗa.

"Ƙarasa."

"In na fita sai a kashe esi. In lokacin dawowata ya kusa sai a kunna. Ƙarfe biyu nake dawowa, kullum in tarar da ɗaki da sanyi. Ranar Talatar nan jarrabawa aka yi, aka tashe mu sha biyu da rabi. Na tarar da yarinyar cikin hular ulu da safa da rigar sanyi, an lulluɓe ta da tawul. Ba ta kuka. Maɗigarta ta faɗa. Na ba ta nono ba ta kama ba. Ɗakin arba'in da ɗaya yake."

Ɗayyabu ya juya a hankali.

"Inna?"

Inna ta kawar da kai.

"Luba," in ji Malam. "Haka ne?"

"Haka ne."

"Ke kika kashe?"

"Ni na kashe."

"Don me?"

Inna ta ɗago. Idonta a bushe yake.

"Don me? Jaririyar da ba ta rufa wata uku ba, a kwantar da ita a ƙarƙashin abin da ke hura sanyi dare da rana? Ni da nake tsohuwa gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa a ɗakin nan. Ita fa? Ina jin ƙirjinta yana ƙara in tana barci. Na faɗa wa uwarta, ta ce ba komai, haka jarirai suke. Na sake faɗa, ta nuna min lamba a bango."

"Sai ki kashe a ɓoye?"

"Malam, kai ka haƙa kabarin Mujitaba."



Ramla ta san sunan. Ɗan farin Inna ne, wanda aka haifa a Burumburum lokacin suna zaune a can, shekara biyu kafin Ɗayyabu. Ba a ambatonsa a gidan.

"Kwana saba'in yake da shi," in ji Inna. "Na kwantar da shi kusa da taga don ana zafi. Ruwa ya sauko da iska. Kwana huɗu ƙirjinsa yana ƙara, na biyar muka kai shi. Kowace mace a garin ta ce min sanyi ne ya shige shi. Uwarka ta ce min ni na bar shi. Shekara talatin da shida ban ƙara barin jariri ba hula ba. Bakwai na raina bayansa, ba wanda ya mutu. Zafi dai na san shi. A cikinsa aka haife mu. Ban taɓa jin ya kashe jariri a ɗaki ba."

"Namu ne bai kashe ba, Inna," in ji Ramla. Ta sassauta murya. "Ɗakinki na ƙasa ne, yana da rufin azara, iska na shiga ta fita. Can siminti ne da gilashi, hawa na uku. In aka kashe esi babu inda zafin zai bi. Ba mugunta kika yi ba. Abin da kika sani kika yi. Likitar ma haka na faɗa mata."

"Kin faɗa wa likita?" in ji Inna.

"Dole in faɗa, don ta san abin da za ta yi. Amma ban faɗi ko wace ce ba."

Malam ya gyara wa Ilham zama. Ya daɗe yana kallon kanta. Hular ulu ce a kai, ruwan hoda, saƙar Inna.

"Wa ya kawo maganar ɗauke wuta?"

"Ni," in ji Inna. "Da ka kira a waya ita ta zo bakina."

"Ke kuma kika yi shiru," ya ce da Ramla.

"Na yi, Baba."

"Kika bar ni na tara 'yan'uwana na ce musu ƙasar da ba wuta za a mayar min da jika."

"Na yi kuskure. Uwa ce ta roƙe ni in rufa mata asiri. Na ɗauka maganar za ta tsaya a nan."

"Yau kuma kika tona."

"Yau 'yata ake so in bari."

Malam ya gyaɗa kai sau biyu.

"In ta bi ki, wa zai riƙe ta kina aji?"

Ramla ta sake buɗe jakar. Takarda ta biyu.

"Makarantar tana da ɗakin rainon 'ya'yan malamai, a ƙasan ɗakin gwaje-gwajenmu. Mata biyu ke kula da shi, ɗaya ma'aikaciyar jinya ce. Ba sa karɓar jariri sai ya cika wata huɗu, shi ya sa ban kai ta a baya ba. Na rubuta sunanta kafin mu taho. Ga amsarsu. Tsakanin ajina da ɗakin taku arba'in ne. Zan shayar da ita ƙarfe tara da sha ɗaya da rabi."

"Kin auna har takun?"

"Na auna, Baba."

Bakin Malam ya ɗan motsa, kamar zai yi murmushi, bai yi ba.

"In kuma na ce ki ajiye aikin gaba ɗaya?"

"Zan roƙe ka kada ka ce. Ina da ɗalibai talatin da ɗaya da za su rubuta jarrabawar fita bana. Ni na fara da su, na ce musu zan dawo. Kuma da izininka da na Abbanta na tafi. Shekara ɗaya ta rage. Daga Oktoba zafin zai sauka, har rigar sanyi ake sawa a Janairu. Wata biyu ne masu wuya a gaba, na kuma san yadda zan bi da su."

"Amma ba za ki tafi ba ita ba."

"Ba zan tafi ba ita ba."

Malam ya cire hular daga kan Ilham, ya shafa gashinta. Ya jiƙe da gumi, duk da sanyin damina. Ya ninke hular ya ajiye a gefen buzu.

"Luba, kawo fasfon."

Inna ta miƙe da ƙyar. An ji ƙarar murfin kwalla a ɗaki, aka ji an mayar. Ta fito da ɗan littafin kore a ɗaure cikin leda.

Ramla ta gyara durƙuso, ta buɗe hannu.

Inna ta wuce ta. Ta miƙa wa ɗanta.

"Ga shi. 'Yarka ce."

Malam bai hana ba. "Haka ne. Ni na janye maganata. Sauran tsakaninku ne, uba shi ke da ta cewa. Ɗayyabu, ba ta."

Ɗayyabu ya kwance ledar. Ya buɗe shafin hoton, ya tsaya a kai. 

"Kwana uku tana asibiti," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Sau nawa na kira ki?"

"Da yawa."

"Sau goma sha tara. Ina da su a waya. Kowane kira ina tambayarki yaya aka yi. Me kike ce min?"

"Ina ce maka tana samun sauƙi."

"Na ce yaya aka yi."

Ramla ta sunkuyar da kai.

"Kin dawo gidan nan wata biyu. Tare muke kwana, tare muke tashi. Na zauna a gabanki ina zagin kaina da na bar ki kika tafi. Na je har Tudun Wada neman miki gurbin koyarwa, don in raba ki da wurin. Kina kallona."

"Abban Ilham, mahaifiyarka ce. Ban so ka dube ta da wannan ba."

"Ke za ki zaɓar min abin da zan sani a kan 'yata?"

"A'a."

"Kin auna zafin ɗaki. Kin auna taku. Ni ba ki auna ni ba."

"Ɗayyabu," in ji Malam.

"Tambaya ɗaya ce, Baba." Ya ɗago, ya dube ta sosai. "Da ba a tashe ku da wuri ba ranar. Da sai ƙarfe biyu kika dawo. Me za ki ce min?"

Ramla ta buɗe baki. Ba ta da takarda ta uku.

"Wuta aka ɗauke za ki ce min?"

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya rufe fasfon, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya maɓalle.

"Ina za ka?" in ji Malam.

"Zan dawo."

"Na ce ka ba ta."

"Ka ce uba ke da ta cewa, Baba. Ban ce komai ba tukuna."

Ya durƙusa wa mahaifinsa, ya miƙe. Bai dubi Inna ba. Ya bi ta zaure. Suna ji ya tayar da babur, bugu biyu, ƙarar ta yi hanyar garin Ƙofa har ta ɓace.

Ilham ta fara kuka. Ramla ta karɓe ta daga hannun Malam, ta juya baya ta ba ta nono. Da ta ƙoshi ta goya ta, ta shiga ɗaki ta jawo akwati. Ta jera kayanta a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ta jera na yarinyar, rigunan auduga marasa nauyi guda goma sha biyu.

Inna ta zo bakin ƙofa ta tsaya, hular ulun a hannunta.

"Kina haɗa nata?"

"Ina haɗawa."

"In bai kawo ba fa?"

"Zan je in same shi."

"A ina?"

Ramla ta ɗauki waya ta kira. A kashe. Ta kira ofishinsu na Kiru, aka ce bai zo ba. Ta kira ƙaninsa Zailani a Doguwa, ya ce rabonsa da shi tun sallah.

Jirgin zai tashi daga Kano ranar Lahadi, ƙarfe biyu na rana. Kujera ɗaya, da jaririya a cinya.

Har aka kira la'asar, babur bai dawo ba.